Motar Karnuka a Hanyar Changchun

Ranar Juma'a 15 ga Afrilu, 2011, ana gobe zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, wata babbar mota ta ratsa gabashin Bejin, babban birnin ƙasar Sin, ta miƙi titin da ya nufi Harbin. Daga lardin Henan ta taso, birnin Changchun na lardin Jilin ta nufa, inda mahauta da masu gidajen abinci ke jiran kayanta. Sauran tafiyar da ke gabanta ta kusa kilomita 1,000, wato kusan nisan Kano zuwa Legas. Kayan kuwa karnuka ne, kimanin 500, an cusa su cikin kejunan ƙarfe hawa-hawa, wani a kan wani, ba wurin miƙe ƙafa, ba ruwa, ba abinci.

Wani mutum mai son dabbobi yana cikin ƙaramar motarsa a kan titin ya ga abin da aka ɗauko. Ya sha gaban babbar motar, ya riƙa rage gudu yana tare ta, har direba ya ga ba makawa ya taka birki kusa da shingen karɓar kuɗin hanya na Zhangjiawan, a gundumar Tongzhou. Ganganci ne, wannan ba musu. Tare mota mai nauyi a titin da ake sheƙa gudu na iya cin rayukan mutane, kuma Sinawa da yawa sun faɗi haka daga baya. Allah dai ya kiyaye. Da motar ta tsaya aka ɗauki hotuna aka saka a Weibo, dandalin da Sinawa ke hira a kansa a maimakon Twitter, aka yi kira ga duk wanda ke kusa ya zo.

Aka kuwa zo. Kafin dare mutum sama da 200 sun taru a bakin titi, maza da mata, har da likitocin dabbobi. Wasu sun zo da ruwa, wasu da abinci, wasu da magani. Aka riƙa hawa jikin motar ana zura robar ruwa ta tsakanin ƙarafuna. Karnukan da ke bakin keji suka samu, na tsakiya kuwa hannu bai kai gare su ba. Waɗanda ke hawan ƙasa su suka fi shan wuya, domin fitsari da kashin na sama a kansu yake zuba tun daga Henan. Wasu sun riga sun mutu, gawarsu na nan a tsakanin masu rai.

'Yan sanda suka iso, jami'an lafiyar dabbobi suka duba takardun direba. Takardu sun cika: akwai izinin jigila, akwai shaidar an duba lafiyar kaya. A dokar Sin cin naman kare ba laifi ba ne, kuma ƙasar ba ta da wata doka ta gaba ɗaya da ta hana azabtar da dabbar gida. Hukuma ta ce ba ta da hujjar riƙe motar. Jama'a suka ce su kuma ba za su gusa ba. Suka kewaye ta.

Direban nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin labarin yakan wuce shi da sauri. Talaka ne daga Henan, yana neman abin da zai kai gida, yana kan hanyarsa da takardunsa a hannu, sai ga mutanen birni da motoci masu tsada sun tsare shi suna kallonsa kamar ɗan fashi. Daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa ya yi asarar kuɗi masu yawa a cinikin da aka tilasta masa, kuma tunda bai kai kaya inda aka aike shi ba, masu ba shi aiki suka juya masa baya. Duk wanda ya san direbobin manyan motoci da ke kwana a Wudil ko Kwanar Dangora ya san abin da rasa lodi ɗaya ke yi wa gida.

Amma akwai abin da takardunsa ba su amsa ba. Da aka haska fitila cikin kejunan, aka ga karnuka da yawa da ɗamara a wuya, wasu har da ƙararrawa. Yawancinsu irin karen ƙauye ne, ja-ja mai tsayayyen kunne, wanda ba shi da wani bambanci da namu na karkara, amma a cikinsu akwai irin karnukan Turai masu tsada da ba wanda ke kiwonsu don yanka. Karen da ke da ƙararrawa a wuya yana da mai shi. Wani ne ya ɗaura masa ita, wataƙila kuma a daren nan yana zagaya unguwa yana kiran sunansa. Takarda guda aka rubuta wa mota guda, ba ta faɗi daga gidan wa aka samo kowane kare ba.

Aka yi ta ja-in-ja har sa'a 15. Can cikin dare, gari ya kusa wayewa ranar Asabar, aka daidaita a kan ciniki. Wani kamfanin kayan dabbobin gida mai suna Lee Pet da gidauniyar Shangshan suka haɗa yuan 115,000, kimanin dala 17,600, wato sama da naira miliyan biyu da rabi a canjin wancan lokaci. Kowane kare ya tashi a kan wajen yuan 230. Aka karkata akalar motar zuwa bayan gari, gidan dabbobi na Ƙungiyar Kare Ƙananan Dabbobi ta Sin.

Shugabar ƙungiyar, Lu Di, tsohuwa ce mai shekara 80 a lokacin, kuma tarihinta abin ji ne. Malamar adabin gargajiya ce a jami'a. A 1975, da idon Shugaba Mao Zedong ya yi rauni, ita aka ɗauko ta riƙa karanta masa tsofaffin littattafai. A zamanin Mao ɗin nan ajiye kare a birni abin zargi ne, ana ɗaukarsa ɗabi'ar 'yan jari-hujja, akwai ma rundunonin da aikinsu kashe karnuka a titi. Matar da ta zauna kusa da shi ita ce ta kafa wannan ƙungiya a 1992, ta ƙarar da abin hannunta wajen ciyar da dabbobin da aka yasar. A tsakiyar shekarun 1990 rajistar kare a Bejin yuan 5,000 ce, sai mai hali. A 2003 aka rage ta zuwa 1,000. Matasan da suka cika bakin titi a daren nan su ne 'ya'yan farko da suka tashi da kare a cikin gida.

Na san abin da mutumin garinmu Gafasa zai ce in ya ji lissafin kuɗin da aka sayi karnukan, domin shi zan fara ji a kowace majalisa daga Gaya zuwa Ajingi: “Miliyan biyu da rabi a kan kare? Rijiyar burtsatse nawa ke nan?” Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba. A Sin ma ta tashi da ƙarfi. Wani mutum a kudancin ƙasar ya shelanta a intanet cewa zai riƙa kashe kare ɗaya kullum har sai masu ceto sun ba talakawa irin kuɗin da suka kashe. Aka yi masa ca, aka tono inda yake aiki, har ya bar aikin. Barazanarsa mummuna ce, abin da aka yi masa shi ma zalunci ne.

Sai dai mu ba mu da uzurin da za mu ce ƙishirwar kare ba ta shafe mu ba. Duk yaron da ya zauna gaban malami a zaure ya ji hadisin Abu Huraira, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, na mutumin da ya sauka rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya cika huffinsa ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Ya kuma ji na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Keji a bayan mota kulle ne irin wannan. A Malikiyyar da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. An yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Jifar da yaranmu ke yi wa duk karen da ya gifta, manya na kallo, ba daga littafi muka samo ta ba.

Da aka buɗe kejunan a gidan Lu Di aka gane tsugune ba ta ƙare ba. Gidan ya riga ya cika da dabbobi tun kafin motar ta iso. Karnukan sun bushe da ƙishirwa, wasu da karaya, wasu da miki. Mafi muni, kwanakin da suka yi a matse sun ba cuta damar zagaya su. Akwai cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda kan kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Akwai distamfa, mai farawa da majina da tari ta ƙare a ƙwaƙwalwa. Dukansu biyu suna yaɗuwa da sauri, kuma ba su da wani magani na kai tsaye, sai ƙarin ruwa da jinya da jira. Aka rarraba marasa lafiya a asibitocin dabbobi na Bejin, likitoci suka karɓa ba tare da an biya su a gaba ba. Duk da haka da yawa suka mutu.

Wanda ya tsira daga cuta kuma da sauran aiki a kansa. Karen da aka damƙe wa wuya da awartakin ƙarfe aka jefa a keji ba ya yarda da hannun mutum. Wani yakan juya fuska ga bango ya ƙi cin abinci in ana kallonsa. Wani in ka miƙa hannu ya saki fitsari, wani ya kai cizo. Masu wannan aiki sukan zauna kusa da shi ba sa kallon idonsa, su ajiye abinci su tashi, gobe su matso kaɗan, har ranar da zai karɓa daga hannu. Yakan ɗauki makonni, yakan ɗauki watanni, wani ma ba ya dawowa daidai har ya mutu. Bayan haka ga allurar rigakafi, ga maganin tsutsa, ga dandaƙa don kada su hayayyafa a inda ba wuri. Sai neman wanda zai ɗauka, a nan kuma dokar birni ta tare hanya: a tsakiyar Bejin ba a yarda a ajiye karen da tsayinsa ya wuce santimita 35 ba, yawancin na cikin motar kuwa manya ne. Masu zuwa neman kare sun fi son na Turai. Ja-jan ƙauye aka bari.

Mutum 200 ɗin nan kowa ya koma harkarsa, 'yan kaɗan suka rage suna share kashi. A ɗokin ranar farko wani babban jami'in kamfanin Tencent ya rubuta a intanet cewa kamfaninsu zai taimaka da ɗawainiyar karnukan, gudummawa kuma ta shigo daga wurare da yawa, amma jinya ta cinye ta. Ƙarshenta asibitocin dabbobi 10 suka shigar da ƙara a kotun gundumar Haidian suna neman kuɗin aikinsu, wajen yuan rabin miliyan, wato fiye da ninki huɗu na abin da aka sayi karnukan. Kotu ta ɗora biyan a kan ƙungiyar Lu Di. Likitocin da suka kwana suna ɗaura ƙarin ruwa da tsohuwar da ta buɗe ƙofarta cikin dare, duk mutanen kirki, su ne suka ƙare a gaban alƙali. Lu Di ta rasu a 2015.

Akwai kuma illar da masu ceton da kansu suka gano. Kuɗin da ka ba dillali ba ya hana shi komawa ƙauye, jari ma ka ƙara masa. A bikin cin naman kare na Yulin, da ake yi a watan Yuni, an kai ga wasu 'yan kasuwa suna ɗaga kare a gaban masu tausayi suna barazanar illata shi don a saya da tsada. Abin da ya sauya lissafi takarda ce. A 2013 Ma'aikatar Noma ta Sin ta ce duk karen da za a ɗauka daga wuri zuwa wuri sai da shaidar lafiya tasa shi kaɗai, kare ɗaya takarda ɗaya. Mai kayan sata ba zai iya kawo takarda 500 ba, ko na halal ne ma kuɗin gwajin ya cinye ribar. Daga nan masu ceto da yawa suka daina ciniki. In sun ga mota sai su bi ta, su kira hukuma, su ce a duba takardu. A watan Agustan 2014 an sauke karnuka sama da 2,000 daga motoci da dama a kan wannan titi na Harbin ta wannan hanya. Birnin Shenzhen ya haramta cin kare da kyanwa daga 1 ga Mayu, 2020, kuma a wannan shekara gwamnati ta fitar da jerin dabbobin kiwo ba kare a ciki, ko da yake har yanzu ba a hana cinsa a faɗin ƙasar ba.

Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar, wadda ta fi kwanta mini domin ta tuna da irin direban nan. A can gonaki ake yi na karnuka, ana haihuwarsu a kejin waya, wani bai taɓa taka ƙasa ba. Tun 2015 ƙungiyar Humane Society International ta riƙa shiga yarjejeniya da manoman da suka gaji da sana'ar: a rushe kejuna, a taimaka wa manomi ya koma noman barkono ko ganye ko wata sana'a, karnukan kuma a yi musu jinya a kai su Amurka da Kanada da Ingila inda ake samun masu ɗauka. Ta haka aka fitar da sama da 2,500. Ranar 9 ga Janairu, 2024, majalisar ƙasar ta haramta kiwo da yanka da sayar da kare don ci, da ƙuri'a 208, ba ko ɗaya da ta ƙi, aka ba da wa'adi zuwa 2027 tare da tallafi ga masu barin sana'ar.

Irin wannan motar karnuka tana bin hanyoyinmu mu ma. A Dawaki, ba Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa ba, ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, akwai kasuwar karnuka da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, tana ci ranar Alhamis. Fatake kan bi ƙauyukan jihohin Arewa har cikin Jamhuriyar Nijar suna saye, su tara a can, daga nan a yi lodi zuwa Kuros Riba da Akwa Ibom, inda ake yi wa naman laƙabi da 404, sunan tsohuwar motar Fijo. Ban kawo wannan don in zagi abincin kowa ba. Mutanen da ke wannan sana'a sun gaje ta, da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma mu da muke miƙa musu igiya mu karɓi kuɗi ba mu da bakin yi musu gori. Abin da ya dame ni yadda ake tafiyar ne: awartaki a wuya, matsi, zafin rana, kwanaki ba ruwa, da kuma karen mafarauci ko na rugar Fulani da ya ɓace da daddare ba wanda ya tambayi inda ya shiga.

Ga wanda tausayi bai motsa shi ba, akwai haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga cizon kare, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana, kusan ba mai tashi. Kare na iya ɗauke da ita makonni yana kama da lafiyayye. Masu bincike na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha samun alamar ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka don ci. Motar da ta tara karnukan garuruwa da yawa a keji guda suna cizon juna, ta ratsa jihohi, tana raba cutar ga mai kamawa da yaron mota da mahaucin da ke da yanka a hannu. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi kafin cutar ta yanke. Duk karen da aka yi wa allura sannan aka sayar ko aka sace, gurbinsa wani kwikwiyo ne da ba a yi wa ba.

A Gafasa ba mu da gidan Lu Di, ba mu da asibitocin dabbobi goma da za su karɓi jinya bashi. In wani ya tare motar karnuka a hanyar Gaya yau, gobe ba shi da inda zai kai su, kuma ba na fatan kowa ya gwada. Abin da muke da shi ya fi wannan sauƙi, domin mu a farkon hanya muke. Tun 1988 Najeriya ke da dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi da ta tanadi izinin likita kafin a yi fataucin dabba daga wuri zuwa wuri, akwai kuma shingayen duba dabbobi a manyan hanyoyin Arewa zuwa Kudu. A can ana iya tambayar shaidar rigakafi, a tilasta a tsaya a ba da ruwa. A gida kuwa baƙo ba ya sayen saniya ko akuya a kasuwar ƙauye ba tare da dillali ya san mai ita ba, saboda tsoron kayan sata. Mai unguwa da shugabannin mafarauta da arɗo suna iya shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan kare: na wane ne, shi ya sayar da hannunsa, an yi masa allura? Mafarautan da ke fita da ganga da rani, kowa da karnukansa, su suka fi kowa sanin karen kowane gida, su ne kuma za su fara kawo nasu in malamin dabbobi ya zo da allura.